Rub-da-ciki ko tsaye: me ya tsayar da matan Tailan a ƙofar Olamfik?

Malam Koci:
Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana: harbin rub-da-ciki ne ya ɗaga sunan matan Tailan a wasan harbi da doguwar bindiga, kuma shi ne ya taƙaita su. A gasar wasannin Asiya ta Doha, cikin Disambar 2006, tawagarsu ta mata ta ci zinare a rub-da-ciki na mita 50. Thanyalak Chotphibunsin kuwa, tana 'yar shekara 16, ta ci azurfa a na ɗaiɗaiku, Olga Dovgun ta Kazakistan ce kaɗai ta sha gabanta. Ba a cika shekara biyu ba ta je Olamfik ta Beijin a 2008, amma ba ta shiga cikin takwas ɗin zagayen ƙarshe ba. Har yau Tailan ba ta da lambar Olamfik ko ɗaya a harbi, alhali tana da su a dambe da ɗaga nauyi da taikwando.

Dalilin a fili yake. Tun da aka ware wa mata nasu gasannin harbi a Olamfik ta Los Anjalas a 1984, biyu ne nasu a doguwar bindiga: bindigar iska daga mita 10, wadda ake harbawa a tsaye, da ta mita 50 mai matsayi uku, wato harbi a kwance, a tsaye da a durƙushe. Ba a taɓa ware musu rub-da-ciki shi kaɗai ba. Wadda ta zuba ƙarfinta a nan ta yi noma ne a gonar da ba za a girbe ba. Ina kuma ƙarawa da cewa rub-da-ciki ba ma'aunin gwaninta ba ne. Ƙasa ta ɗauke nauyin jiki, gwiwoyin hannu biyu sun kafu, maɗauri ya riƙe bindiga. Abin da ya rage gasa ce tsakanin bututu da harsashi.

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin farko na maganarka abin dubawa ne, rabi na biyu kuwa ban yarda ba sam. Mu auna da milimita.

A allon mita 50, da'irar maki 10 faɗinta milimita 10.4 ne. Harsashin .22 kaurinsa milimita 5.6. Tunda taɓa layi ya isa a ba ka maki, dole tsakiyar ramin harsashi ta faɗa cikin milimita 8 daga tsakiyar allo. Yanzu kawo iska. Harsashin gasa nauyinsa kusan giram 2.6 ne, yana fita da gudun mita 320 zuwa 330 a sakan, wato ƙasa da gudun sauti, da gangan aka yi shi haka. Iskar da ke ratsa fili da ƙarfin mita ɗaya a sakan, wadda da ƙyar za ka ji ta a fuska, tana ture shi kimanin milimita 6. Ta ƙaru zuwa mita biyu ba ka lura ba, ka bar 10 ka koma 9, ko da bindigarka a daskare take. Ba kuma gefe kawai take turawa ba. Saboda harsashi yana juyawa dama, iskar da ta fito daga dama tana kai shi hagu da ɗan sama, wajen ƙarfe 10 na agogo. Wadda ta fito daga hagu tana kai shi dama da ɗan ƙasa, wajen ƙarfe 4. Wanda ya gyara saiti gefe kawai ya manta da sama da ƙasa, zai yi ta mamakin inda makinsa ke zuba.

To wa ke karanta tutocin iska? Wa ke kallon kawalwalniya ta madubin hange, ya gane ta kwanta ko ta miƙe tana tafasa? Wa ke zaɓar yanayin iska guda, ya yi haƙuri sai ya dawo sannan ya harba, ga harbi 60 ga minti 50 kacal? Bututu ba ya yin wannan. Yarinyar da ta iya shi tana da shekara 16, a gaban 'yan Sin da Kazakistan, gwanintarta ce ta kai ta.

Ɗan Lissafi:
Baba, in ƙara maka hujja. A bindigar iska, maki 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, ƙwayar darmar kuma milimita 4.5, saboda haka iyakar kuskure milimita 2.5 ne a mita 10. In ka miƙa wannan kusurwa zuwa mita 50 za ta zama milimita 12.5. Allon mita 50 kuwa 8 ya yarje maka. Ke nan ta fuskar kusurwa allon mita 50 ya fi tsauri, ga shi a waje, ga iska, ga canjin haske.

Malam Koci:
Lissafinka daidai ne ƙanena, amma ka auna allo ka bar mutum. An tsananta allon ne domin na kwance ba ya rawa. Sa na'urar SCATT, mai zana motsin bindiga a kwamfuta, a bakin bindiga ka ga zanen da take yi. Gwani a kwance, zanensa ba ya fita daga cikin 10, ɗan tsalle kawai yake yi da bugun zuciya. A tsaye zanen yawo yake, kuma aikin mai harbi shi ne ya matsa kunama a cikin wannan yawon ba tare da ya fizge ta ba.

Ku dubi abin da tsayuwa ke buƙata. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ƙugu a turo shi wajen allo, gwiwar hannun hagu ta zauna kan ƙugu ko haƙarƙari, nauyin bindigar iska mai kai kilo 5 zuwa 5.5 ya bi ƙashi ya sauka ƙasa, ba tsoka ce za ta ɗauke shi ba. A sauke numfashi, bindiga ta sauko kan allo daga sama, harbi ya fita cikin sakan 6 zuwa 8 da natsuwarta. Ya wuce sakan 10, ido ya fara yaudara, ƙafa ta fara gyara kanta, sai a sauke a sake. Mafi yawan 8 da 9 da ake gani a tsaye daga ƙin saukewa suke fitowa. Wannan ba ya samuwa sai da shekaru.

Kuma a nan ake raba gardama. A matsayi uku na mata mai harbi 20 sau uku, manyan gwanaye kusan duk 198 zuwa 200 suke samu a kwance. Tazarar da ke tsakaninsu a nan maki ɗaya ne ko biyu. A tsaye kuwa sai ka ga tazarar maki biyar, har takwas. A tsarin 2008 ma zagayen ƙarshe harbi 10 ne, duka a tsaye, a ɗora kan makin share fage. A Olamfik ta Beijin Du Li ta Sin ta shiga da 589 ta gama da 690.3 ta ɗauki zinare. A bindigar iska Katerina Emmons ta Cek ta cike 400 cikin 400 tun a share fage. Wannan ne matakin da ake magana.

Hajiya Alƙaliya:
Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ka tsallake a tarihin yarinyar nan, kuma shi ne ya fi rusa maganarka. A 2008 ɗin nan dai, kafin Olamfik, an yi gasar cin kofin duniya ta hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, a Beijin, a filin da za a yi Olamfik ɗin. Thanyalak ta ci tagulla, kuma ba a rub-da-ciki ba, a matsayi uku. Ka faɗa da bakinka cewa zagayen ƙarshe a lokacin harbi 10 ne a tsaye. Wadda ba ta iya tsayuwa ba, ba za ta fito daga wannan zagaye da lamba a wuya ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce rub-da-ciki ya cinye ta.

Abin da ya same ta a watan Agusta abu ne da ya sami waɗanda suka fi ta shekaru da suna. Du Li ɗin da ka ambata ita ce mai riƙe da zinaren bindigar iska na Atens 2004, amma a ranar farko ta gasar Beijin, a gaban mutanen ƙasarta, ta biyar ta zo. Matthew Emmons na Amurka yana kan gaba a matsayi uku na maza har harbin ƙarshe, ya buga 4.4 ya faɗo na huɗu. Shekara huɗu kafin nan ma a harbin ƙarshe ya harbi allon wani. Ba a yanke wa 'yar shekara 17 hukunci da rana ɗaya ko biyu na Olamfik.

Sannan a gyara wani abu: rub-da-ciki kashi ɗaya ne cikin uku na matsayi uku. Gonar da ka ce ba a girba, ana girbe sulusinta.

Malam Koci:
Ranki ya daɗe, na karɓi gyara kan tagullar, hujja ce mai ƙarfi. Amma tagulla ɗaya ce. Me ya sa ba ta zama ɗabi'a ga tawagar ba? A wasannin Asiya na Guwanzu 2010 ma lambar da matan Tailan suka fi kusa da zinare da ita a doguwar bindiga a rub-da-ciki na tawaga ce. Inda ƙasa take samun lamba, nan take zuba kuɗi da lokacin atisaye. Ba laifin 'yan wasa nake gani ba, tsarin nake tuhuma. Sai ga shi an janye tabarmar: bayan Riyo 2016 an cire rub-da-ciki na maza ma daga Olamfik, aka kawo gasar bindigar iska ta mace da namiji, a wasannin Asiya na 2018 kuma babu rub-da-ciki gaba ɗaya.

Baba Maƙeri:
To yanzu ka zo inda za mu yi magana, domin in tsari ne, ba a kwanciya matsalar take ba, a harsashi take. Nan ma akwai gaskiya a maganarka ta farko, ba zan ɓoye ba.

Harsashin gasa na mita 50 daga Turai yake fitowa: Eley a Ingila, RWS da Lapua a Jamus. Ba a sake cika kwankonsa a gida kamar na manyan bindigogi, domin maganin tashinsa a cikin gefen gindin kwanko yake. Kuma ko sunan kamfani ɗaya ne, kowane zubi da halinsa. Zubin da ya dace da wannan bututu zai iya watsewa a wancan. Abin da manyan tawagogi ke yi shi ne su kai bindiga wurin gwajin kamfani, a cire ta daga kotarta ko a ɗaure ta yadda take a maƙala, a harba zubi goma ko ashirin, harbi goma-goma. A ware huɗu ko biyar da suka fi taruwa, a ƙara musu harbi 30 zuwa 40 kowanne, domin tarin harbi goma yana ƙarya. Ba mafi ƙanƙantar tari ake nema ba, wanda ba ya jefar da ɗaya waje ake nema. Sannan a sayi dubbai daga wannan zubin, na shekara guda.

Bajamushiya ko 'yar Suwizalan mota za ta shiga ta je. 'Yar Bankok sai jirgi, da takardun fita da bindiga, da izinin shigo da harsashi. In ba a yi haka ba, abin da dila ya kawo shi za a harba. Tun 2013 da aka koma ƙirga maki da ɗigo a rub-da-ciki, irin su 10.2 da 10.5, kowane 0.1 na maki milimita 0.8 ne kacal. Zubin da ya fi wani watsewa da milimita biyu zai ci maki da yawa a harbi 60, mai harbi ba ta yi kuskuren komai ba.

Ga zafi kuma. Harsashin nan a shafe yake da maiƙo mai kama da kakin zuma. A bar kwalinsa a rana, maiƙon ya yi laushi, gudun harsashi ya canza, harbi ya fara hawa da sauka. Shi ya sa ake ajiye shi a inuwa, a fito da na buƙata kaɗan-kaɗan. Bututun da aka wanke kuma sai an ba shi harbi da dama kafin ya dawo hayyacinsa, kada a shiga gasa da shi a wanke tas.

Anti Nas:
Baba ya taɓo zafi ta wajen harsashi, bari in taɓo shi ta wajen jiki, don yana shafar gardamar. Mai harbi tana cikin riga da wando na tamfol da fata, a ƙarƙashi ga rigar ciki mai kauri, ga safar hannu, ga takalmi mai tauri. A filin mita 50 na Hua Mak a Bankok, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 35 ga laima, wannan shiga tana ɗaga bugun zuciya tun ba a fara ba. A kwance da durƙuso bugun yana bin maɗauri ya isa bindiga. Maganinsa sananne ne: a ɗaura maɗaurin can sama ko can ƙasa a damtse, a kauce wa tsakiya ta ciki inda babbar jijiyar jini take, kuma jan ya fito daga bayan damtse. A tsaye babu maɗauri, amma rashin ruwa a jiki yana taɓa daidaiton tsayuwa da kaifin ido. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun awa biyu kafin farawa, ba a kwankwaɗa lokaci guda ba, domin cikakken ciki yana ƙara bugun da ake ji a kwance. Tamfol kuma in ya sha gumi yana saki, tallafin da yake ba ƙugu ya ragu, tsayuwar da aka saba da ita da safe ta canza da rana.

Ɗan Lissafi:
Anti, wannan gaskiya ne a mita 50, amma ba zai zama uzuri a mita 10 ba, kuma nan nake ganin Malam yana da hujjar da bai yi amfani da ita ba. Bindigar iska a cikin ɗaki ake harba ta. Ba iska, ba rana, ƙwayar darma tana da araha ƙwarai in aka kwatanta da harsashi, tulun iska kuma cika shi ake yi zuwa ma'aunin matsin iska na ba (bar) 200 ko 300 a ci gaba. Gwajin ƙwaya ma a gida ake yi, tsakanin masu kai 4.49 da 4.50 da makamantansu. Singafo ta fi kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, ba ta fi Tailan sanyi ba, amma Martina Veloso ta ci zinaren kofin duniya a Munik a 2014 tana 'yar shekara 14, a bindigar iska. Biyetnam ta ci zinaren Olamfik a 2016 ta hannun Hoang Xuan Vinh, a ƙaramar bindigar iska. Duka biyun a mita 10. Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga ƙasashen yankin ke nan.

Matakin kuwa ya hau. Tun 2018 mata harbi 60 suke yi kamar maza, mafi girman maki 654.0. Mai son zagayen ƙarshe a babbar gasa sai ta haura 630, wato 10.5 a kowane harbi, wato tsakiyar rami cikin milimita 1.25 sau sittin. A Faris 2024 Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu ta ci zinare tana da shekara 16. Ƙasashen da ke fitar da irinta suna da ɗaruruwan yara a makarantu suna harbin mita 10, ana tankaɗe da rairaya. Yawa ne ke haifar da ɗaya tilo.

Hajiya Alƙaliya:
Ƙanena ka kawo magana, sai dai ka lura ta sauya tuhumar. Ka nuna cewa a faɗaɗa mita 10, ba ka nuna cewa rub-da-ciki ya cutar ba. Abu biyu ne daban. Seonaid McIntosh ta Birtaniya ta zama zakarar duniya a rub-da-ciki a Changwon ta Koriya ta Kudu a 2018, kuma tana cikin fitattun matsayi uku na zamaninta. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Ku dubi yadda zagayen ƙarshe na matsayi uku ya kasance a Olamfik ta Tokiyo da ta Faris. Ana farawa daga sifili, harbi 15 a durƙushe, 15 a kwance, sannan 10 a tsaye, a sallami biyu, sai harbi ɗaya-ɗaya ana sallama har a cika 45. Duka da ɗigo ake ƙirgawa. Wadda ke buga 10.5 a kwance ta fi mai buga 10.2 da maki 4.5 a harbi 15. Wannan jari ne da take shiga tsayuwa da shi. Akwai kuma sauyin matsayi, wanda mutane ba sa lissafawa: cikin 'yan mintoci za ta sauya farantin gindin bindiga, da matashin kunci, da tsayin saiti, ta gyara maɗauri, ta yi harbin gwaji. Wadda kwanciyarta ta zauna daram tana gamawa da wuri ta sami lokacin karanta iska. Ga doka kuma tana jira: a kwance, hannun da ke tallafe da bindiga kada kusurwarsa ta gaza digiri 30 daga ƙasa, maɗauri kada faɗinsa ya wuce milimita 40, matashin durƙuso kada ya wuce santimita 25 a tsawo da 18 a kauri. Mai gaggawa a nan take karɓar gargaɗi, hankalinta ya rabu.

Malam Koci:
Na janye cewa rub-da-ciki ba gwaninta ba ne, Baba da Hajiya sun gamsar da ni. Ban janye batun rabon lokaci ba. Ga matashiya mai kwana biyar na atisaye a mako, ni zan ba tsayuwa kashi 60 cikin ɗari, durƙuso 25, kwanciya 15. Kwana uku a mita 10, biyu a mita 50. Kowace rana minti 20 zuwa 30 na riƙe bindiga da danna kunama ba harsashi, fuska ga farin bango, don a ji motsin jiki ba tare da allo ya ɗauke hankali ba. Kafin kowane jeri ta rufe ido, ta natsu, ta buɗe ta ga inda bindiga ta fuskanta da kanta. In ta kauce, ƙafa za a gyara, ba hannu ba. Kwanciya in ta ginu tana riƙe kanta da atisaye kaɗan. Tsayuwa kuwa mako biyu aka bar ta sai ta nuna.

Baba Maƙeri:
Rabon ya yi, Malam, da sharaɗi ɗaya. Kashi 15 ɗin nan kada a yi shi da sassafe lokacin da tutoci suke rataye. A ajiye shi sai rana ta take, iska ta fara juyawa. Ta kwanta, ta yi minti biyar ba harbi tana kallon tutar kusa da ta tsakiya, domin iskar da ke kusa da bakin bindiga ta fi tasiri a kan inda harsashi zai faɗa. Ta faɗa wa mai horarwa yanayin da ta zaɓa, ta harba biyar a cikinsa. Sannan da gangan ta harba biyar a kishiyarsa ba tare da ta taɓa saiti ba, ta rubuta tazarar da ke tsakanin tarin biyu a littafinta. A tsaye jikinta yana rawa, ba za ta iya bambance kuskurenta da na iska ba. A kwance kaɗai za ta ga aikin iska tsantsarsa, kuma da abin da ta rubuta a nan za ta harba ashirin ɗin tsaye a mita 50.